Liyafar Darakta Pang

"...lafiya lau, Kaka, sai gajiya," na ce, na ajiye masa awarar da ya aike ni saye.

Tun ranar Alhamis ban yi barcin kirki ba. Watana na farko ke nan a ofishin hulɗa da ƙasashen waje na gundumarmu, inda Kaka ya yi aiki har ya yi ritaya. Baƙi suka zo daga Pakistan sayen taraktoci, Darakta Pang ya haɗa musu liyafa da rana tsaka a watan azuminsu. Ya ɗaga musu kofin giya, ya kuma ɗora wa babbansu naman alade a faranti da tsinken cin abincinsa, don girmamawa. Suka tashi, ciniki ya mutu, aka ce laifina ne. Na ƙudura Litinin zan ajiye aikin.

"Ga jakadan da ya kori ƙasa guda daga kan tebur," in ji Kaka. "Awarar ma ta farfashe. Ita ma azumi take?"

"Ni fa na san ba sa ci, tsoho. Amma kujerar bakin ƙofa aka ba ni, ta ƙaramin ma'aikaci. Ka taɓa jin na bakin ƙofa ya gyara wa Darakta magana?"

"To ai digirin naka na bakin ƙofa ne. Mu a zamaninmu duniya a tafin hannunmu take."

"Kai da fasfonka ya tsufa a akwatin ofis? Ko Koriya ba ka leƙa ba."

"In je in yi me? Su ke zuwa wurina. Babu ƙasar da ban sha giya da ita ba."

"Faɗi uku."

"Rasha."

"Sai?"

"Wata kusa da Rasha. Masu gashin baki."

"Shi ke nan?"

"Bayan kofi na shida kowane baƙo ɗan Rasha ne, ɗan nema."

Ban yi dariya ba. Na ce masa har yanzu ina tuno yadda babban baƙin ya tsura wa farantin ido.

Kaka ya yi 'yar dariyar da ta ƙare da tari.

"Ka ci ni. Pang ni na koya masa aiki, kuma abin da na iya ke nan." Ya turo mini tsohuwar kwalbar shayinsa ta ofis. "Ungo. Ka koma Litinin, ka buɗe baki ko daga bakin ƙofar ne. Wata mai zuwa 'yan Indiya za su zo, kuma na ji Pang ya riga ya sa a nemo musu sa mai ƙiba."

Na karɓa.