Ranar da Zuma Ta Karya Min Kanta

Jarka goma ta zuma na sauke a shagona ana gobe kasuwar Juma'a, kowace lita ashirin. Sale kafinta ya tambayi nauyin da sabuwar kanta za ta ɗauka.

"Kilo ɗari biyu," na ce, ina kai da kawo. "Lita ai kilo ce. Yi sauri!"

"Alhaji, in ƙara katako?"

"Kada ka ɓata min lokaci."

Ashe a ruwa ne lita take kilo. Litar zuma ta kusa kilo ɗaya da rabi. Washegari da safe, ina ɗora jarka ta tara, sai kantar ta rufto.

Jarka huɗu suka fashe, ƙudan zuma suka kore masu saye har la'asar. Ribar da na samu ita ce sabon suna. Har yau mai shayi na tambayata, "Alhaji Lita, kilo nawa zan zuba maka?"