Nomau da Motar da Ta Ƙi Hawa Tudu

Ni ne nan Baba Jatau bakanike, wanda mota ke jin tarinsa ta tashi da kanta. Yaran garejina duk sun gudu birni, saura Nomau. Shi kuwa gandamemen tuzuru ne, gidansu daga shi sai agwagwa tun rasuwar innarsa. Duk garin ba mai zama da shi, ni ma ba mai zama da ni, sai muka haɗa benci.

Wata rana Sagiru, ɗan mai filin garejina, ya kawo tsohuwar motarsa da aka ɗora wa tarbo, abin nan mai hura wa inji iska. A tudu sai ta yi laƙwas kamar jakin da ya sha rana. Ya ce in na kasa, uban zai karɓe filinsa. Na sa Nomau a kujerar gaba, na ce ya zuba wa allurar da ke nuna ƙarfin iskar ido, kada ya ɗauke. Sagiru ya zaga, ya ajiye mota a gida, ya ci tuwo, ya yi barci. Da la'asar na tarar da Nomau a ciki, ido ja wur, gumi sharkaf.

"Baba, tun da aka kashe motar allurar ba ta motsa ba."

Wata rana na ce masa iska ce ke gudu, ya nemo inda take fita ya toshe. Ya zagaya baya, ya danna tsumma cikin salansa har da turawa da sanda. Da aka tayar, tsumman ya fito kamar harsashi, ya maida farar shaddar Sagiru ta gawayi.

Wata rana dai na gaji. Na canza wannan, na ɗaure wancan, shiru. Na ce wa Nomau ya wanke ta da sabulu, ko'ina, a mayar wa mai ita, shi kuma kada in ƙara ganinsa. Sagiru na ciki yana taka totur don haushi, Nomau ya ɗaga banet ya sheƙa wa inji ruwan kumfa. Na ɗauki sifana na yi kansa, sai ya nuna can ƙasa.

"Baba, wannan tiyon ya ƙi wankuwa, tofo sabulun yake yi."

Ƙwai-ƙwai ne ke tashi daga wata 'yar tsaga da ido bai gani. Na ce ai dabarata ce tun fil azal. Muka sauya tiyo, mota ta haye tudu tana fito, fili ya zauna a hannuna.

Washegari benci ba kowa. Na sha shayi ni kaɗai. Can da hantsi na ji tari a bayan katanga.

"Nomau, me kake yi nan?"

"Ka ce kada ka ƙara ganina, Baba."

Na ce ya zagayo, ya ce maganar farko ya riƙe. Har yau ta saman katanga nake miƙa masa shayi.