Rasuwar Goggo, Kwamfutar Gidan Malam Junaid

Da zuciya mai nauyi wadda baƙin ciki ya cika, Malama Huraira ta Gyaɗi-Gyaɗi, matar marigayi Malam Junaid, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar tsohuwar kwamfutarsu ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Goggo. Ta cika ranar Asabar da ta gabata bayan la'asar, a kan teburin falo, tana da shekara goma sha uku a hannun iyalan. Shekarun da ta yi kafin nan Allah kaɗai ya san yawansu, domin 'yar gwanjo ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Junaid ne ya shigo da ita gidan, lokacin yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukumar Tarauni, da niyyar buga takardun ofis. Shi ne kuma ya raɗa mata suna, saboda in an tashe ta ba ta tashi sai ta gama mita. Da farko ta yi "tilin-lin" cikin ladabi, sannan fankarta ta kama "fuuu" kamar dattijuwar da ta hau bene, sai can ta buɗe ido. Wanda ya yi mata gaggawa shi ya jiyo.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha zafin watan Afrilu ba ta taɓa yin yaji ba. An ɓarar mata da shayi sau biyu ta yafe. Baturinta ya mutu tun shekara ta huɗu, ta ci gaba da rayuwa a jikin soket, in an ɗauke wuta ta suma, in an kawo ta farfaɗo ba tare da ta riƙe kowa a zuciya ba. A kanta Malama Huraira ta buga tambayoyin jarrabawar ɗalibanta na shekara da shekaru, a kanta kuma 'yarsu Nana Khadija ta koyi rubutu da yatsu goma, har ta ɓalle mata harafi ɗaya da ba a sake gani ba.

Amma ba don waɗannan ake kukanta ba. Ana kukanta ne saboda ranakun Asabar.

A shekararta ta biyu a gidan, Malam Junaid ya zuba mata wani wasan barkwanci da wasa ƙwaƙwalwa, mai fitowa kashi-kashi, kowane bayan 'yan watanni, har kashi biyar. Sunansa na Turanci ba a taɓa samun mutum biyu da suka faɗe shi iri ɗaya a gidan ba, don haka aka bar shi a Ɗan Aike. Labarin wani mai kai wasiƙa ne, rangwamen wayo gare shi, yana yawo gari-gari da alfadarinsa mai baƙar magana, yana neman mai wata wasiƙa guda. Dariyar Malam Junaid ce ta tsallaka katanga ta jawo maƙwabcinsu Godwin, malamin makaranta ɗan Kagoro, ya leƙo ya ga lafiya. Mako na gaba ya dawo da matarsa Lami. Daga nan Asabar ta zama tasu su huɗu: Malam Junaid riƙe da linzamin kwamfutar, sauran uku suna ba shi umarnin da bai nema ba.

Cikin shekara ɗaya suka gama wasan. Musun da ya biyo baya shi ne bai ƙare ba: wane kashi ne ya fi rauni?

Godwin ya tsaya a kan na biyar. Ya ce an gaggauta ƙarshen kamar malamin da ya ji ƙararrawa, kuma mutum ba zai bi alfadari shekara guda ba sannan a sallame shi cikin minti uku. Lami ta ce na biyu ne, inda suka je garin da kowa sunansa ɗaya, domin sai da suka yi Asabar uku suna neman makullin da ashe yana cikin hular ɗan aiken. Malam Junaid ya ce na huɗu, inda aka naɗa alfadarin alƙali, ya ce dariyar ta yi arha. Ita kuwa Malama Huraira, wadda ta fi kowa ɗaga murya, na uku ta sa a gaba. A kashi na uku ba a zuwa ko'ina. Ɗan aike na tsaye a bakin kogi yana jiran mai fito, yana hira da sauran masu jira, shi ke nan.

"Wannan ba wasa ba ne, layin asibiti ne," in ji ta.

"Maman Nana, na ukun nan shi ne zuciyar wasan gaba ɗaya," Malam Junaid yakan ce. "Ki zauna ki ga ƙarshensa da idon basira, sannan ki yi magana."

"Na gani, Malam. Ruwa ne da sauro."

Sun yi wannan musu a falo, sun yi shi ta kan katanga ana shanya, sun yi shi a cikin adaidaita sahu a titin gidan zu har direban ya juyo ya tambaya ko maganar gado ce. Ranar bikin Kirsimeti, in Lami ta aiko da shinkafa, takan sa takarda a kan murfin kwano: na biyu ne. Ranar Sallah tuwon Malama Huraira yakan tafi da amsa. Goggo ta ji duk wannan ba ta taɓa goyon bayan kowa ba, iyakarta "fuuu".

Akwai abin da Malama Huraira ba ta faɗa wa kowa ba a duk shekarun nan, ta kuma yarda a rubuta shi a wannan sanarwa. Ba ta taɓa ganin ƙarshen kashi na uku ba. Ranar da aka kai wurin ta gaji da jiran mai fito, ta tashi ta shiga kicin suyar awara. Da ta fito da faranti an riga an gama. Ta tarar da Godwin yana kallon silin, Lami na gyara ɗankwali ba dalili, mijinta kuma yana dariya idonsa jawur. Kunya ta hana ta tambaya. Ta ajiye farantin ta ce ai daman ta san haka zai ƙare, kuma daga ranar ta riƙe matsayinta.

Shekara biyu da suka wuce ciwon ƙoda ya kwantar da Malam Junaid. A watannin da ya yi a gida tsakanin zuwa asibiti da dawowa, wata Asabar ya ce a ɗauko masa Goggo. Ya fara kashi na uku daga farko, ita tana gefensa tana yanke masa farce. Ya kai ɗan aiken bakin kogi, ya sa shi ya gaisa da mutum biyu, sai hannunsa ya gaji. Ya ajiye wasan a nan, don a ci gaba daga wurin.

"Gobe sai mu ƙarasa," ya ce. "Wannan karon ba awara."

Ta ɗago ta dube shi. Ya lumshe ido yana murmushi. Washegari jikin ya tsananta aka koma asibiti, bai sake dawowa gidan da ƙafarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Bayan ta fita takaba, Godwin da Lami suka shigo gaisuwa wata Asabar. Hira ta yi hira, ita da kanta ta jawo zancen, ta ce har yanzu dai na uku ne ya fi rauni. Ta gyara zama tana jiran a taso mata. Godwin ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Maman Nana, duk yadda kika ce." Lami ta ce ai dukkansu ma suna da kyau. Malama Huraira ba ta taɓa jin falon ya yi mata faɗi irin na ranar ba. Ta raka su ƙofa, ta dawo ta zauna ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar uku.

Tun daga lokacin Goggo ce abokiyar Asabar ɗinta. Takan kunna ta, ta jira mitar ta ƙare, ta buɗe jerin wuraren da mijinta ya ajiye wasan. Shi mutum ne da ba ya barin ajiya ba suna. Akwai "kafin Godwin ya ɓata mana". Akwai "Lami ta ce a duba hula, ba mu ji ba". Akwai "Huraira ta tashi girki". Na ƙarshe a jerin shi ne "gobe in sha Allah". Shi takan buɗe. Ɗan aiken na nan tsaye inda aka bar shi, jakarsa a kafaɗa, alfadarin na kaɗa jela, ruwa na wucewa. Takan kalle su kamar minti goma ba ta taɓa komai ba, sannan ta rufe.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Wata sabuwar ƙara ta shigo cikin numfashin marigayiyar, "ƙit, ƙit, ƙit", kamar ana taɓa ƙofa da farce. Wani lokaci fuskarta ta yi shuɗi, wani lokaci ta daskare a tsakiyar aiki. Nana Khadija ta bugo waya daga makaranta ta ce, "Umma, ki kai ta a kwashe abin da ke ciki tun da wuri." Malama Huraira ta ce to. Amma kai ta wurin gyara na nufin baƙon hannu ya buɗe ta, ya yi kwanaki da ita, sai ta riƙa cewa mako mai zuwa.

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce, ta idar da la'asar, ta ji a ranta cewa jiran ya isa. Ta zauna a kujerar mijinta, ta kama linzamin don yin wasan da kanta a karo na farko. Ta matsa da ɗan aiken taku biyar. Ta sa shi ya yi magana da wata tsohuwa mai kwando wadda ta shekara talatin tana jiran kwalekwalen, ta kuma ƙi yarda a ce mata ya makara. Alfadarin ya jefa wata magana, Malama Huraira ta tuntsire da dariya ita kaɗai, har ta dafe baki. Ta bi masu jiran ɗaya bayan ɗaya, kowa da wanda yake son ya tarar a tsallake. Ta gano yadda ake tashin mai fito daga barci. Kwalekwalen ya taso daga can nesa, ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, yana matsowa.

"Ƙit," in ji Goggo. "Ƙit, ƙit." Fankar ta ja dogon numfashi ta saki. Fuskar ta yi baƙi, Malama Huraira ta ga tata fuskar a ciki.

Ranar Litinin ta naɗe ta a zani ta kai wa Anas mai gyara a kasuwar Farm Centre. Ya buɗe, ya sa kunne, ya gwada ma'ajiyar bayananta a jikin wata na'ura, ya sake gwadawa. Sannan ya cire tabarau.

"Hajiya, sai haƙuri. Ma'ajiyar ta tafi da duk abin da ke cikinta. Amma in wasan ne, ana samunsa. Ƙarshen ma yana intanet, yanzu sai in nuna miki a wayata."

"Na sani, Malam Anas," ta ce. "Bar shi."

Da ta dawo ba ta shiga gida ba, gidan Lami ta faɗa. A tsakar gida, Lami na tsince shinkafa, ta gaya mata komai, har da awarar.

Lami ta ajiye tiren. "Maman Nana, ai mun sani. Mu uku muka ga fitarki. Shi ya hana mu faɗa. Ya ce in kika gani za ki daina musu, shi kuma musun yake so."

Suka zauna a kan tabarma ɗaya suka yi kuka, shinkafar na gefe kaji na ci.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzami mai ciwon danna hagu, da jaka wadda zif ɗinta ya riga ta tafiya. Ta bar Nana Khadija da ta tashi a gabanta, da maƙwabta biyu, da Malama Huraira. Ta kuma bar wani ɗan aike da alfadarinsa a bakin kogi, kwalekwale na tafe.

Ba za a yi mata wanka ko salla ba, tunda na'ura ce, iyalan kuma sun san haka. Gangar jikinta za ta zauna wurin Anas, ya cire abin da zai amfani wasu, an yafe. Ma'ajiyar kaɗai aka dawo da ita gida, an naɗe ta a hular Malam Junaid an sa a cikin durowa.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a gidan marigayin da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Godwin ya yi alkawarin zuwa da kwamfutar makarantarsu da ya aro, a fara kashi na uku daga farko, a kai ƙarshe a zama ɗaya. Lami ce za ta yi girki a gidanta ta kawo, don kada mai gida ta sami dalilin tashi. Ana roƙon masu zuwa kada su yi wa Malama Huraira kara, kada kuma wanda ya ce mata duk yadda ta ce. Duk mai ra'ayi ya zo da shi, ya faɗe shi da ƙarfi. Kujerar marigayin da ke kusa da soket ita kaɗai ake roƙon a bari ba kowa.