Ranar da Dirakta Ya Ɗanɗana Tabarsa

"Wai Aisami ya daina amsa sallama, sai an ce Mushe Dirakta, kamar wani Bafaranshe."

"Aisamin da muka sani, mai turmi biyu?"

"Uku ne yanzu. Ka iya bakinka."

Mahassada ke nan. Gaskiyar magana, Gure ba ta taɓa haifar mai masana'anta irin Alhaji Aisami ba. Da tallar garin taba a faranti ya fara, yau ga shi da kamfani sukutum: mata na daka ganye a tsakar gida, ƙanwarsa Habsu na zuba kanwa, shi kuma yana biro, wato ofishinsa, yana tunani. Duk wanda ya bi ta lungun sai ya yi atishawa, har gari ya naɗa shi Sarkin Atishawa. Shi kuwa ya ɗauka gaisuwa ce.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: sa tabar a bakinsa. "Mu manya da kai muke aiki," in ji shi, "ba da dasashi ba."

Ran nan sai ga Ɗan Kasuwa, tsohon dillalin da ke kai wa makiyaya taba tun daga Kelle har Gidigir. In ya yaba, tabar Alhaji ta shiga kowace kasuwa. In ya kushe, lungu ya ci gaba da riƙe abinsa. Tsohon ya zauna a kan sabuwar dardumar biro, ya tura kwanon taba gaban mai gida.

"Mai kaya ke fara sawa, Alhaji. Haka muka tarar."

Dirakta ba ya ja da baya. Ya dumbuzo abin da zai ishi rumfa guda, ya cusa a leɓe, ya ci gaba da jawabi a kan reshen da zai buɗe a Damagaram. Yawu ya taru. Ya dubi ƙasa, darduma. Ya dubi gaba, baƙo. Babban mutum ba ya tofi a gaban abokin ciniki. Ya haɗiye.

Reshen Damagaram ya tsaya a tsakiyar magana. Gumi ya keto, hula ta zame, Dirakta ya bi ta ƙasa a hankali.

Ɗan Kasuwa ya tsinci 'yar kaɗan, ya juya ta a baki, ya leƙa taga ya tofar.

"Salam take," ya ce. "Makiyayi ba zai ma san ya sa wani abu ba." Ya nemi takalmansa.

Alhaji ya so ya raka shi ya yi masa bayani, amma ɗakin na ta juyawa da shi, ƙofar ta riga ta wuce shi sau da yawa.

"Habsu," ya kira da 'yar siririyar murya, "don Allah zo ki riƙe mini bangon nan, ya tsaya in tashi."