Ruwan da Na Ce Yana Ƙarƙashin Yashi

Ni na ce a rage ruwan, wannan ba na musu.

Shekarata ta farko a Doha, wata Asabar, ni da Malam Sani mai gadin kamfaninmu muka shirya bin hanyar tsakuwa a kan keke, ta cikin wani busasshen kwari a bayan gari. Na ga ya ɗaure galan biyu na ruwa, na yi dariya.

"Malam, ni ɗan bakin rafi ne. A garinmu ko da rani, ka tona yashi kamu ɗaya, ruwa zai tsattsafo. Ajiye ɗaya."

Ya dube ni, ya ajiye.

Kafin azahar galan ya ƙare, tayarsa ta yi faci. Ba inuwa, ba mota, waya ba sabis, ga shi yana da ciwon suga. Leɓɓansa suka bushe. Na durƙusa a tsakiyar kwarin ina tono da sifana. Kamu ɗaya, dutse. Na matsa gaba, dutse. Malam yana zaune yana kallona.

Ina rami na huɗu wani Basudane mai kiwon raƙuma ya same mu. Ya shayar da Malam, ya leƙa ramin, ya tambaye ni wa ya rasu.

Har yau a unguwarmu ta Mansura ba mai kiran sunana. Ko shayi aka zuba, sai Malam Sani ya janye kofina ya ce, "Ku ƙyale Sarkin Rafi, zai tona nasa."