Yadda Aka Sace Wa Sallau Sifaniyancinsa

Wani mutum ne a layin 'yan fata na Kano, ana ce masa Sallau Basifaniye. Dillali ne, ya ɗan ba hamsin baya, ga gashin baki da yake rinawa duk Juma'a, ga hatimi a aljihu. Duk abin da ya mallaka sai ya buga masa hatimin nan: littafi, kwalin takalmi, har cikin hularsa. ALHAJI SALLAU BASIFANIYE, MASANIN HARSUNA.

Asalin sunan kuwa, shekara goma sha huɗu da suka wuce jirginsu ya yada zango a Madrid, babban birnin Sifaniya, a hanyar zuwa wani baje kolin fata. Awa bakwai ya yi a filin jirgi, biyar daga ciki yana barci a kan benci. Da ya dawo gida, awa bakwai ta zama wata bakwai. Da tafiya ta yi tafiya ta zama shekara uku.

"Ni ai ba koyon Sifaniyanci na yi ba," in ji shi a majalisa. "Shiga jinina ya yi. Wani lokacin da shi nake mafarki, in na farka sai na fassara wa kaina."

In wayarsa ta yi ƙara sai ya koma gefe yana ɗaga murya: "Si! Si, si! Gracias!" Ko da kuwa mai gyaran famfo ne ya kira.

Mutum yana zaman zamansa da sunansa, bai tare wa kowa hanya ba, sai ga Alhaji Nababa, shugaban ƙungiyar 'yan fata, ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a.

"Sallau, ranarka ta zo. Asabar ta sama akwai baƙo daga Sifaniya zai zo duba fatunmu. Wasu sun ce a nemo tafinta daga jami'a. Na ce abin kunya ne, ga ka zaune."

Sallau ya gyara zaman hularsa. Fuska kuwa ko gezau.

"Ɗan wane gari ne, ranka ya daɗe? Don ni na birni na iya. In ɗan ƙauye ne sai in sassauta masa."

Kwana goma ke nan tsakaninsa da tonon asiri, kuma duk jarinsa kalma biyu ce.

Washegari ya hau Keke Napep ya tafi can nesa da unguwarsu, wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Ya samo wani ɗan littafi mai hotuna. Ya ce wa mai sayarwa na ɗan maƙwabci ne, alhali mutumin bai tambaye shi ba. Da ya isa gida ya kulle ɗaki, ya fara buga wa littafin hatimi, dam! Sannan ya buɗe.

Babin da ya faɗa a kai na ƙananan kalmomin nan ne da ke nuna inda abu yake. Ga kyanwa a kan tebur. Ga ta a ƙarƙashin tebur. Ga ta a bayan kujera, ga ta cikin kwando. Kyanwar nan ba ta da wurin zama.

Sallau ya shafa gashin baki ya ce ya gano sirrin. Duba fata ai duk maganar wuri ce: tabo a sama, huji a ƙasa, yanka a tsakiya. In ya riƙe waɗannan, sauran sai a cike da hannu da murmushi.

Littafin ya ba da shawara: a rubuta kowace kalma a 'yar takarda, a ajiye ta a daidai wurin da take nufi, kullum a riƙa bi ana maimaitawa. Sallau ya ɗauko ragowar fastocinsa na takarar sakataren ƙungiya, wadda ya faɗi, ya yayyanka guda, ya rubuta a bayanta da jan biro. Don kada matarsa Tabawa ta gani ta gane, sai ya ninke kowace takarda ƙanƙanuwa, ya naɗe ta da baƙin zare tam. Sobre ya soke a bisa ƙofa. Debajo ya cusa a ƙarƙashin katifa. Detrás ta tafi bayan randa, entre tsakanin buhun gero da na masara, dentro cikin tulun da ba a amfani da shi. Guda bakwai cif.

Kullum da ya dawo daga masallacin asuba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga kai, leɓe na motsi. Ya durƙusa a gindin gado: "Debaho... debaho..." Ya zagaya bayan randa ya yi mata raɗa.

Tabawa tana kallo. Aka yi kwana uku a haka. A na huɗu tana shara, tsintsiya ta jawo wani ƙulli daga bayan randa.

Da azahar Sallau ya dawo cin abinci ya tarar da tsakar gida cike da mata. A tsakiyarsu ga Yaya Kande, yayarsa da ta goya shi, wadda har yau ba ya iya yi mata musu. A gabanta ga faifai, a kan faifai ga takardunsa bakwai a jere. Babu wanda ya taɓa su da hannu, da ludayi aka kwaso su, da tsinke aka warware su.

"Zauna, Sallau," in ji Yaya Kande. "An gama da kai."

"Yaya, lafiya?"

"Ina lafiya? Bisa ƙofa, ƙarƙashin katifa, cikin tulu! Jan rubutu, baƙin zare! Har hotonka suka yayyanka. Tabawa, nuna masa."

Tabawa ta juya takarda ɗaya da bakin ludayi. Ga idon Sallau na hagu. Ta juya wata. Ga rabin gashin baki.

"Dama na ga alama, Yaya," in ji Tabawa tana share hawaye. "Ba ya cin abinci. Jiya da kunnena na ji yana hira da randa."

"Kai da ka san harsuna," in ji Yaya Kande, "karanta mana. Me suka rubuta?"

A nan fa hanya ta rabu biyu. In ya ce Sifaniyanci ne, za a tambayi wanda ya rubuta, kuma kafin la'asar duk layin 'yan fata sun ji cewa Masanin Harsuna yana darasin kyanwa. Sallau ya ƙura wa faifan ido. Sai wata dabara ta faɗo masa, mai kyau har ya ji tausayin mutanen da Allah bai ba su irin kansa ba.

Ya dafe ƙirji. "Wannan ba harshen bil'adama ba ne."

Mata suka ɗauki salati.

"Tsaya!" Ya dafe goshi. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. "Yaya... babu! Ya tafi!"

"Me ya tafi?"

"Sifaniyancin! Na laluba kaina, wayam! Shekara goma sha huɗu, sun kwashe tas! Me na tsare wa mutane? Don an ce ni ne tafinta? Ni na ce Allah ya ba ni baiwa?"

Kafin rana ta faɗi labari ya zagaye kasuwa: mahassada sun sace wa Sallau Sifaniyanci. Masu jaje suka yi ta shigowa. Sallau ya kishingiɗa a kan katifa yana amsawa da murya ƙasa-ƙasa, yana cewa ya yafe wa ko wane ne. A ransa kuwa har ganga yake kaɗawa. Ba tafinta, ba tonon asiri, ga suna ya ƙaru.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne Yaya Kande.

Da safe ta iso da kaskon garwashi da ƙullin tazargade. Aka lulluɓe shi da bargo, aka tura kaskon ciki. Tari, ƙwalla, majina. In ya leƙo da kai ta mayar da shi.

"Yaya, ya isa, zan mutu!"

"Ba kai ke magana ba. Tabawa, ƙara garwashi."

Bayan hayaƙi sai jiƙon maɗaci, kofi guda cike, safe da yamma. Ɗacinsa har ƙeya. Yana sha tana tsaye a kansa.

"Ya dawo?"

"Bai dawo ba, Yaya."

"To gobe kofi biyu."

A kwana na uku ta kawo wanzami. Aka yi masa aski ƙwal kwabo, aka kafa masa ƙaho huɗu a ƙeya. Wanzami ya gama zai naɗe kayansa, Yaya Kande ta nuna da baki.

"Har wancan."

Sallau ya rufe gashin bakinsa da hannu biyu. "Yaya, wannan kam ba ruwansa!"

"Shi suka fara yankawa a hoto. A sauke shi."

Shar, shar. Abin da aka shekara ashirin ana tattali, aska biyu ta gama da shi. Sallau ya kalli madubi ya ga wani baƙo mai kama da dafaffen ƙwai. Ya daure. Saura kwana biyu baƙon ya zo ya tafi, shi kuma sai Sifaniyanci ya dawo masa a hankali.

Ranar Asabar da hantsi yana kwance, sai ya ji sallamar Alhaji Nababa. Ba shi kaɗai ba ne. A bayansa ga wani Bature gajere mai sanƙo, ya cire takalmi a bakin ƙofa.

"Sallau, ga baƙonmu, Anselmo. Ya ji abin da ya same ka, ya ce ba zai taɓa fata ba sai ya zo dubiya."

Baturen ya durƙusa. "Sannu, Alhaji. Ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi."

Da Hausa. Hausa garau, har da karin harshen Maraɗi.

"Ashe shekararsa goma sha biyu yana sayen fata a Nijar," in ji Alhaji Nababa yana dariya. "Ka ga ashe ko tafintan ma ba mu buƙata."

Sallau ya shafa inda gashin bakinsa yake a da.

Yaya Kande kuwa ba ta barin baƙo ya tafi bai ga abin al'ajabi ba. Ta shigo da faifai.

"Bature, zo ka ga aikin azzalumai."

Anselmo ya sa tabarau. Ya miƙa hannu ya ɗauki takarda, mata suka ja da baya.

"Hajiya, ina aka samu wagga?"

"Ƙarƙashin katifar nan da yake kwance."

"Daidai." Ya ɗauki wata. "Wagga fa?"

"Bisa ƙofa."

"Daidai. Wagga?"

"Tsakanin buhu biyu."

"Madalla! Wagga?"

"Bayan ƙyaure."

Ya girgiza kai. "A'a, nan ya kuskure. Kalmar gaba ce ya kai ta baya. Amma shida cikin bakwai, bokan nan yana da ƙoƙari. Hajiya, wannan Sifaniyanci ne, irin wanda muke koya wa yara kafin su shiga makaranta."

Sallau ya ja bargo zuwa haɓa.

"Kun gani?" in ji shi a raunane. "Da harshena suka yaƙe ni."

Da an tsaya nan, wataƙila da ya sha. Sai Tabawa, baiwar Allah mai son mijinta, ta shigo da gudu riƙe da baƙar leda a bakin muciya.

"Ga ma kundin bokan! Yau da safe na tsince shi a cikin silin. Tsoro ya hana ni buɗewa."

Anselmo ya zaro ɗan littafin. Ga kyanwa a bango, zaune a kan tebur. Ya buɗe shafin farko, ya duba, ya miƙa wa Alhaji Nababa. Alhaji Nababa ya nisanta shi da ido, ya karanta da ƙarfi, dalla-dalla, kamar mai sanarwar ɗaurin aure:

"Alhaji Sallau Basifaniye. Masanin Harsuna."

Yaya Kande ta dubi faifai, ta dubi kaskon garwashi, ta dubi Tabawa.

"Ɗora jiƙon nan," ta ce. "Kofi uku. Wannan ciwon na san shi tun yana yaro."

Alhaji Nababa ya waiwaya zai yi magana, ya ga katifa ba kowa, sai tudun bargo da tafin ƙafa biyu a waje.

"Af, ina Sallau ɗin?"

Anselmo ya cire tabarau, ya nuna bargon da ladabi.

"Debajo."

Ranar Litinin da ya fito kasuwa, ba gashin baki, hula har kunne, tun daga bakin layi masu jimar fata da masu dako suka miƙe suna gaishe shi: "Barka da fitowa, Alhaji Dabaho!" Shekara goma sha huɗu yana yi musu Sifaniyanci, sai a ranar suka koyi kalma guda.