Ranar Da Na Ja Linzami

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na gama sakandare, lokacin da kaina ya fi hulata girma.

Hanya biyu ce a gabana ta shiga jami'a. Ko in tafi Sakkwato in yi shekara guda ina karatun share fage, in rubuta jarrabawarsu da biro da takarda, ko in zauna jarrabawar nan ta kwamfuta in wuce kai tsaye. Baba ya ce dama ɗaya zai ba ni, in na faɗi, ga gona ga shanu suna jirana a Kebbe. Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata kuma malamin firamare, ya ba ni shawara in bi ta share fage.

Na ce, "Haba Kawu, ai ni da kwamfuta awa hanta da jini muke."

(Gaskiyar magana, iyakar abin da na iya shi ne tura wa mutane waƙoƙi daga waya zuwa waya. A kan haka aka laƙaba mini Injiniya, ni kuma nake amsawa har da gyara zama.)

Kawu bai yi musu ba. Ranar Asabar ya goya ni a babur, hanya ta girgiza mana hanji har Tambuwal, wai in yi gwaji a wani shagon koyar da kwamfuta kafin a rufe rajista.

Mun tarar da shagon cike, janareta na ta ruri. Mai koyarwar wani dattijo ne mai son tsantsar Hausa, ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya sakawa. Ya ce duk wanda bai taɓa amfani da kwamfuta ba ya ɗaga hannu. Mutum huɗu suka ɗaga. Ni kuwa na harɗe nawa ina yi musu kallon tausayi, don Kawu na tsaye a bakin taga.

Aka fara. Tambaya ta farko ta fito, na san amsarta sarai, amma na rasa yadda zan gaya wa na'urar. Na dangwala gilashin da yatsa kamar na waya. Shiru. Na ƙara dangwalawa da ƙarfi. Dattijon ya hango ni daga can gaba, ya ce, "Kai mai shuɗiyar hula, ja linzamin ƙasa mana!"

To, ni linzamin doki kaɗai na sani. (Daga baya na ji ashe ɗan abin nan da ake dafawa a murza a kan tebur ake nufi.) Na duba, sai ga wani abu kamar sabulu da igiya a jikinsa ta bi ta bayan tebur. Na naɗe igiyar a hannu, na yi bisimilla, na fizgo ta ƙasa da ƙarfin makiyayi.

Ashe ta sarƙe da babbar wayar lantarkin da duk layinmu ke shan wuta daga gare ta. Kwamfuta shida suka mutu lokaci guda. Yarinyar da ke kusa da ni ta dafe kai ta ce, "Wayyo Allah, na kai tambaya ta talatin!"

Dattijon ya tako a hankali, ya dube ni, ya dubi igiyar da ke naɗe a hannuna.

"Ɗana, mi tay yi maka? Ko mashaya za ka kai ta?"

Shago ya ɗauki dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na waiwaya taga, babu Kawu. A bayan shagon na same shi durƙushe, yana share hawayen dariya da hannun riga.

Da ya samu numfashi ya ce, "To Injiniya, wace hanya munka zaɓa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ban iya ba."

A ranar muka karɓo takardar share fage. Na yi shekarata, na ci, na shiga jami'a, a can ma na koyi kwamfutar a tsanake.

Abin da na koya shi ne, cewa "ban iya ba" kunyar minti ɗaya ce. Ƙin faɗarta kuwa, ga shi yau ina da mata da yara uku, kuma duk garinmu 'ya'yan Mai Linzami ake ce musu.